Lambar Ƙurajen Gwaggo

Auta ta jawo fayil na goma sha bakwai daga tulin da ke gabanta, ta ga sunan Gwaggo a bango, ta yi murmushi ita kaɗai. Ta san zai sauko yau, domin da safe aka rubuta wa tsohuwar sallama bayan kwana tara a ɗakin mata. Ta gyara zaman tabarau, ta lashi yatsa, ta buɗe shafin ƙarshe inda likita yake rubuta sunan cutar da ta kwantar da mutum.

Rubutun Yaya ne, yayanta da ke aikin likita a nan asibitin. Ko cikin barci aka tashe ta za ta gane shi, duk baƙaƙen sun kwanta gefe guda kamar suna jin barcin su ma. Ya rubuta cewa ƙuraje ne da suka game jiki, na ƙwayar bairos da ba a tantance ba. Ya sa hannu a ƙasa da ƙugiyar nan tasa.

Shekara shida ke nan Auta tana wannan aiki a ɗakin kati, can ƙasan bene, ɗakin da rana ba ta san da zamansa ba. Duk wanda aka sallama daga asibitin sai fayil ɗinsa ya biyo ta hannunta. Za ta karanta abin da likita ya rubuta, ta nemo lambar cutar a cikin katon littafin lambobi, ta shigar a kwamfuta. Kowace cuta da lambarta, daga mura har cizon kare. Gwaggo ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. In baƙi suka tambaya sai ta ce, "Babban nasu likita ne, yana warkar da mutane. Ita kuwa ƙaramar raɗa wa ciwo suna take yi, kuma wai har albashi ake ba ta."

Lambar abin da Yaya ya rubuta ba ta bukatar littafi. B09 ce. Yatsun Auta har sun hau madannai, sai ta tsaya. Wani abu ne a bangon fayil ɗin ya tsone mata ido tun da ta jawo shi, ba ta dai kula ba sai yanzu. Ta rufe shi ta sake dubawa.

A kusurwar sama ta dama akwai wani ɗan fili mai kusurwa huɗu, ya fi sauran bangon haske. Ta shafa da babban yatsa, ta ji danƙo-danƙo. A nan jar sitika take zama, wadda ke gaya wa kowane likita cewa akwai maganin da jikin mai wannan fayil ba ya karɓa. Ita da hannunta ta manna ta shekara uku da suka wuce, lokacin da wani magani mai salfa ya kumbura wa Gwaggo fuska har idanunta suka shige. A lokacin Yaya yana can wajen ƙarin karatu, a waya aka ba shi labari. Ta tuna har yadda ta danne sitikar da gindin biro don kada ta ɗaye.

Ta koma baya a cikin fayil ɗin, shafi bayan shafi, har ta iso ranar da Gwaggo ta zo ganin likita da kukan zafin fitsari, mako biyu da suka wuce. Yaya ne ya gan ta. An bi ta kan sunan maganin da biro sau da yawa har takardar ta kusa hujewa. Ta ci gaba zuwa bayanan ma'aikatan jinya, waɗanda likitoci ba su cika damuwa da karantawa ba. Can a ranar farko Sista ta rubuta da ƙananan baƙaƙenta masu tsabta: ƙuraje sun feso kwana shida bayan fara sabon magani, in ji marar lafiya, an dakatar da maganin bisa umarnin likita.

"Ke, lafiya? Kin ƙura wa takarda ido kamar za ta yi miki magana."

Baba Kati ne, shugaban ɗakin, daga teburinsa da ke ƙarƙashin fanka. Tun ana rubuta lambobi da fensir yake wurin, kuma shi ya koya mata aikin.

"Fayil ɗin Gwaggo ne, Baba."

"Fayil ba shi da gwaggo. Me likita ya rubuta?"

"Bairos."

"To sa masa lambarsa ki wuce. Ga wasu arba'in can suna jiranki."

"Sista ta rubuta wani abu dabam."

Ya sauke jaridarsa ya dube ta ta saman tabarau. "Sau nawa zan gaya miki? Mu ba ma ganin marar lafiya, rubutu muke gani, shi ma rubutun likita. Ko Sista ta rubuta littafi guda ba ya zama lamba. In kina da shakka, ga takardar tambaya can a aljihun tebur, ki rubuta masa. In ba ki da ita, ki bar ni in karanta jaridata."

Auta ba ta taɓa aljihun teburin ba. Ta san mece ce takardar tambaya. Kwafi uku ce: ɗaya ta zauna a fayil har abada, ɗaya wajen Baba Kati, ɗaya ta tafi kwamitin magunguna. Ta ɗauki mayafinta ta ce za ta leƙa sama.

Ta tarar da Gwaggo zaune a bakin gado, ta gama ɗaure kayanta tun ɗazu, fulas da kofuna a cikin bokiti, tabarma a naɗe. Kwana tara da suka wuce ba ka iya sa yatsa a jikinta ba ka taɓa ƙurji ba, daga wuya har tafin ƙafa, leɓɓanta sun farfashe, zazzaɓi yana kaɗa ta. Yanzu jan ya lafa, fatar tana saɓa, ta bar dabbare-dabbare a hannuwa. Auta ta dubi hannuwan nan. Su suka yi musu wanka ita da Yaya bayan rasuwar mahaifiyarsu, su suka yi ta taka keken ɗinki har Yaya ya zama abin da ya zama.

"Ga mai lissafin ciwo," in ji Gwaggo. "Kin samo wa nawa suna?"

"Ina kai. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, sai ƙaiƙayi. Yayanki ya ce in jira ya tashi aiki ya kai ni da mota. Yaron nan bai runtsa ba tun da na kwanta, kin ga yadda ya zabge kuwa?"

"Me ya ce miki ya kawo ƙurajen?"

"Ya ce wata ƙwaya ce da ke yawo a iska, ta zo ta wuce." Gwaggo ta sosa gwiwar hannu, sannan ta jawo jakarta. "Af, kin tuna mini. Karanta mini sunan nan, in ji ko zai zauna a kaina."

Ta zaro wani fankon kwalin magani da ta lanƙwasa biyu, ta miƙa mata. Auta ta karanta sunan. Ba ta yi mamaki ba, amma duk da haka sai da ta zauna a gefen gadon.

"Ina kika samo wannan?"

"Wanda ya rubuta mini ne na zafin fitsari. Ke, maganin nan yana da kyau, kwana biyu na neme shi na rasa. Da na kwanta ya kwashe sauran ƙwayoyin, wai an canza mini wani. Ni kuwa na ɓoye kwalin. In abin ya dawo sai in aika kemis, ba sai na zo na dame shi yana cikin aiki ba."

"Gwaggo, kada ki sake shan wannan. Ko kyauta aka ba ki."

"Saboda me?"

"Irin wancan ne da ya kumbura miki fuska."

Gwaggo ta yi mata kallon da take yi mata tun tana yarinya in ta tsoma baki a maganar manya. "Wancan fari ne dogo, wannan zagayayye ne. Kuma yayanki ne ya rubuta. Ke ce likitan ko shi?"

"Sunan kamfani ne kawai ya bambanta."

"Auta, ki tsaya a lambobinki. In da aibu da ya faɗa mini da bakinsa. Ba ni kwalina."

Auta ba ta ba ta ba. Ta ce za ta kwafo sunan da manyan baƙaƙe ta dawo mata da shi, ta fita da sauri kafin tsohuwar ta ga fuskarta. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da Sista tana tura keken magunguna. Suka gaisa. Sista ta dubi kwalin da ke hannunta, ta dube ta, ta ce, "Ni dai abin da aka gaya mini na rubuta," ta ci gaba da tura kekenta.

Ofishin Yaya yana ƙarshen baranda. Ta jira marar lafiya na ƙarshe ya fito, ta shiga ba tare da ƙwanƙwasawa ba, kamar yadda ta saba. Yana wanke hannu a ƙaramin famfo. Gaskiyar Gwaggo ce, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"A'a, Autar Gwaggo. Yau ɗakin kati ya sako ki da wuri?"

Ta ajiye kwalin a kan teburinsa. Ya dube shi, ya ci gaba da goge hannu da tawul, yatsa bayan yatsa, ya daɗe yana yi.

"Rufe ƙofar," ya ce.

Ta rufe.

"A ina kika same shi?"

"A jakarta. Ta ajiye ne don ta saya a kemis in ciwon ya dawo."

Nan ta ga fuskarsa ta canza, ya zauna kamar an tura shi. Har ta ji tausayinsa, ta ɗauka maganar ta ƙare ke nan, zai jawo biro ya ce ta kawo fayil ɗin. Yayanta ne fa. Shi ya koya mata karatun agogo, shi ya taɓa tafiya da ƙafa har makarantarsu don malami ya mare ta ba da haƙƙi ba.

"Mutum sittin na gani ranar," ya ce a hankali. "Ta shigo tana ba ni labarin maƙwabta, waya tana ta ƙara. Na rubuta abin da nake rubuta wa kowa. Sai da na ga jikinta sannan na tuna. Kin san abin da na ji a ranar? Ba na fatan ko maƙiyina ya ji shi."

"Na sani, Yaya. Kowa yana kuskure. Sai ka gyara rubutun."

"In gyara in ce me?"

"Abin da ya faru. Ƙuraje ne da magani ya jawo. In sa L27.0, in mayar da jar sitika."

"Ki sa wannan lambar, ƙarshen wata ta faɗa teburin kwamiti, su tambayi wane ne ya rubuta maganin. Kin san mako mai zuwa za su zauna a kan shugabancin sashe? Shekara goma sha ɗaya ina jiran kujerar nan. Akwai masu neman ko ƙwayar zarra ce a kaina." Ya tura kwalin gefe. "Ta warke, Auta. Ni na tsaya a kanta har ta warke. Zan gaya mata a gida ta hanyar da ta dace."

"Kwana tara ba ka gaya mata ba."

"Na ce zan gaya mata."

"In ka yi tafiya fa? In aka kawo ta ba ta cikin hayyacinta, wani likita ya buɗe fayil ya ga bairos, ba sitika, ba komai? Kai ka ce mini karo na uku ba a cika tashi ba. Da bakinka ka faɗa, a kan wata mata, bara."

Ya kau da kai.

"Ina sitikar, Yaya?"

"Sitika tana ɗayewa."

"Tawa ba ta ɗayewa."

Ya ɗago ya dube ta, kallon da ba ta taɓa gani a idonsa ba, irin wanda yake yi wa ɗalibai. "Aikinki ki sa lambar abin da na rubuta. Ba ke aka ɗauka ki duba marasa lafiya ba. Kuma kada ki manta wanda ya kai takardunki ofishin sama lokacin da kike zaune a gida kina ƙirga rufin ɗaki."

Wannan ta shige ta fiye da komai. Ba ta taɓa tsammanin zai yi mata gori ba, shi da ko godiya ya hana ta yi a lokacin. Ta miƙa hannu ta ɗauki kwalin. Ya yi kamar zai riga ta, sai ya fasa.

"Auta."

Ta tsaya, hannunta a kan mariƙin ƙofa.

"Tsakanina da ke ne wannan. Jini ɗaya muke."

"Ita ma Gwaggon jininmu ce," ta ce, ta fita.

Ta sauko bene a hankali, tana riƙe da ƙarfen gefe. A ɗakin kati Baba Kati yana shan shayi. Ta zauna ta dubi kwamfuta, gurbin lambar yana nan fayau, ɗan layin nan yana ƙiftawa. Baƙaƙe uku ne kawai, ta danna ta wuce fayil na goma sha takwas, ba wanda zai taɓa tambayarta, domin abin da likita ya rubuta ta bi. Ta ma iya manna sabuwar sitika a ɓoye. To amma jar sitika ba ta hawa bango sai da rubutun likita a ciki da ya goyi bayanta, kuma rubutu na ƙarshe a fayil ɗin yanzu cewa yake yi bairos ne. Likitan da zai zo gaba shafin ƙarshe zai karanta. Ita kuma Gwaggo ba za ta ji maganar kowa ba sai ta likitanta.

Ta jawo aljihun tebur.

Baba Kati ya ajiye kofinsa. Ya bi ta da ido har ta shimfiɗa takardun uku da baƙar takardar kwafi a tsakaninsu.

"Kin san wa za ki rubuta wa?"

"Likitan da ya sa hannu."

"To rubuta yadda na koya miki. Ba zargi, ba faɗa masa amsa. Ki nuna masa abin da kika gani, ki tambaye shi."

Ta rubuta. Zuwa ga likita. Shafin sallama ya nuna ƙurajen bairos. Bayanan jinya na ranar farko sun nuna ƙurajen sun fito kwana shida bayan fara wani magani, kuma an dakatar da shi. Kwamfuta tana ɗauke da tsohon bayani cewa jikin marar lafiyar ba ya karɓar salfa. Ana roƙon likita ya fayyace musabbabin ƙurajen domin a sa lambar da ta dace. Ta sa hannu, ta maƙala kwalin a jiki da fil. Baba Kati ya karanta sau biyu, ya buga hatimi, ya miƙe don ya kai ta da kansa, abin da ba ya yi, ya ce ƙafafunsa suna bukatar motsi.

Ta yi fayil goma sha ɗaya tana jira. Karaya a cinya, ciwon sukari, haihuwar tagwaye, duk ta sa musu lambobinsu ba tare da ta san tana yi ba. Wayarta tana gefe a kife. Tana ta sa rai zai kira, ko don ya zage ta. Da ya zage ta da ta ji daɗi, domin zagi na gida ne, ana yi a shirya.

Wajen ƙarfe uku Baba Kati ya dawo. Ya ajiye takardar a gabanta bai dube ta ba, ya koma kujerarsa, bai ɗauki jarida ba.

Layi biyu ne amsar, da rubutun nan mai kwanciya. Na farko: bayan sake nazari, ƙuraje ne da suka game jiki sakamakon magani mai salfa, kada a sake ba ta shi har abada. Auta ta saki numfashin da ta riƙe tun safe, idanunta suka ciko. Ashe dai Yayanta yana nan. Ta share ido da bakin mayafi ta karanta na biyu.

Babu alamar gargaɗi a bangon fayil lokacin da aka rubuta maganin, ɗakin kati bai manna ba, a binciki ma'aikaciyar da ta sa lambar baya.

Ta karanta shi sau uku. Ma'aikaciyar da ta sa lambar baya. Ko sunanta bai iya rubutawa ba, alhali ya san ba wata ba ce. Ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. Ba tsoron kwamiti ne ya kama ta ba. Abin da ya ci mata rai shi ne ta hango shi zaune a teburin nan, ya cire murfin biro, ya yi tunani, ya zaɓi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Maganin cikin gaggawa ya rubuta shi, mutum sittin suna jira, waya tana ƙara. Wannan kuwa a natse ya shafa mata kashin kaji, ƙofa a rufe.

"Kwafi na uku ya riga ya tafi wajen kwamiti," in ji Baba Kati. "Ban iya riƙe shi ba, ƙa'ida ce." Sannan ya ƙara, "Ni na san aikinki. Amma ni ma in suka tambaye ni, rubutu za su nema."

"Na sani, Baba."

Ta juya ga kwamfuta. Ta goge gurbin da ba komai a cikinsa, don kawai hannunta ya sami abin yi, sannan ta danna L27.0, ta bi ta da lambar maganin da ya jawo, ta adana. Ta ciro jar sitika daga cikin kwalinta, ta rubuta salfa da manyan baƙaƙe, ta ɓare bayanta. Hannunta ya nufi kusurwar sama ta dama da kansa, inda ya saba.

Baba Kati ya yi gyaran murya.

Ta dubi ɗan filin nan mai haske, da danƙonsa, da wani siririn jan zare na takarda da ya maƙale a gefe inda farce ya kankara. Ta matsar da hannunta ƙasa kaɗan, ta manna sabuwar a nan, ta danne da gindin biro. Ta bar gurbin tsohuwar a buɗe. Baba Kati ya miƙo hannu, ta ba shi fayil ɗin, ya saka a cikin durowarsa mai makulli maimakon kantar fayiloli.

Ta ari kwafin Baba Kati ta hau sama. Gwaggo tana nan inda ta bar ta, ta ɗaura ɗankwali, takalma a ƙafa.

"Ina kwalina?"

"Na kawo miki abin da ya fi shi. Kin gane wannan?"

Gwaggo ba ta karatun boko, amma ta kai takardar kusa da ido ta ga ƙugiyar da ke ƙasa. Fuskarta ta washe. "Sa hannun yayanki."

"To saurara." Auta ta karanta mata layin farko, ta fassara shi dalla-dalla, ta maimaita har abada ɗin sau biyu. "Fari ko zagayayye, daga kemis ko daga asibiti. Duk inda kika je ki ce salfa ba ta karɓe ki ba. Faɗi in ji."

"Salfa." Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe maganin ne. Da yanzu na aika an sayo mini ajalina da kuɗina." Ta girgiza kai, sai kuma ta ɗaga hannuwanta masu dabbare-dabbare sama. "Kin gani ko? Ya ce iska ce, amma hankalinsa bai kwanta ba sai da ya koma ya bincika. Yaron nan ba ya barin abu ya wuce shi. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi kujerar nan da yake nema. Ki ce amin mana, kin tsaya kamar an dasa ki."

Ta taga Auta ta hango motar Yaya tana juyowa zuwa bakin ƙofa. Ta sunkuya ta ɗauki bokitin da tabarmar.

Gwaggo tana riƙe da takardar har yanzu, ta sa yatsa a ƙasa. "Layi biyu na gani, ɗaya kika karanta. Wannan fa, me ya ce?"

Auta ta karɓi takardar, ta ninke ta huɗu, ta saka a jaka.

"Wannan ba naki ba ne, Gwaggo. Nawa ne."